Takaitaccen tarihin Richard St. Barbe Baker

An haifi Richard St. Barbe Baker a ranar 9 ga watan Oktoban 1889 a gundumar Hampshire da ke kudancin Ingila.

Ya yi karatu a Kanada, ya shiga yaƙin duniya na ɗaya inda ya samu raunuka, kana ya karanci ilmin gandun daji a Jami'ar Cambridge.

A 1920 ne gwamnatin mulkin mallaka ta tura shi Kenya. Ganin yadda ake sare dazuzzuka ƙasa na zaizayewa ya sa a 1922 ya haɗa kai da wani basaraken Kikuyu, Josiah Njonjo, suka kafa ƙungiyar masu dashen itatuwa ta Watu wa Miti.

Daga nan aka mayar da shi Najeriya, inda ya yi aikin kula da dazuzzukan kudancin ƙasar har zuwa 1929.

Sai dai abin da ya fi ɗaga sunansa shi ne tafiyar da ya jagoranta ta ratsa Sahara da mota a 1952 zuwa 1953.

Ya dawo da shawarar a dasa shingen itatuwa mai faɗin kusan kilomita 50 domin tare hamada. Gwamnatocin wancan zamani ba su ɗauki batun da muhimmanci ba.

Ya rasu a birnin Saskatoon na Kanada ranar 9 ga watan Yunin 1982, yana da shekaru 92.

Shekaru 25 bayan rasuwarsa, wato a 2007, Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti. A Najeriya shirin ya shafi jihohi 11, ciki har da Kebbi da Sakkwato da Katsina da Kano.

To amma ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. Masana sun gano cewa hamada ba ta matsowa a jere kamar rundunar mayaƙa. Sare itatuwa da yawan kiwo da noma ba hutu ne ke kashe ƙasa wuri-wuri.

Dashen da aka yi a wurare da dama ya bushe saboda rashin kulawa, yayin da manoman Maraɗi, waɗanda tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, suka farfaɗo da miliyoyin itatuwa ba tare da dasa su ba.