Evarts Graham: Likitan da ya ceci mai sankarar huhu, ita kuma ta zamo ajalinsa

An haifi Evarts Graham a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1883, ɗa ga wani likitan fiɗa. A 1919 aka naɗa shi shugaban sashen tiyata na Jami'ar Washington da ke St. Louis, muƙamin da ya riƙe har 1951.

A wancan zamani, wanda sankarar huhu ta kama sai dai a zuba wa sarautar Allah ido. Ranar 5 ga Afrilun 1933 Graham ya kwantar da James Gilmore, wani likitan mata daga Pittsburgh mai shekara 48, ya cire masa huhun hagu ɗungurungum a zama ɗaya. Ba a taɓa yin haka ga mai sankara ya tashi ba. Gilmore ya warke, ya koma bakin aikinsa.

Graham mashayin sigari ne, kuma da farko bai gamsu da cewa ita ke haddasa cutar ba. Sai wani ɗalibi, Ernst Wynder, ya ja shi suka binciki ɗaruruwan majinyata. Sakamakon da suka wallafa a 1950 ya nuna kusan dukkan mazan da suka kamu mashaya taba ne. Graham ya bar sigari, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1957 aka gano sankarar a jikinsa ta yaɗu, ta wuce aikin wuƙa. Ya rasu ranar 4 ga Maris na shekarar. Gilmore kuwa sai a 1963 ya cika, shekara 30 bayan tiyatar.

Masu daɗewa bayan wannan cuta irin su Gilmore kuwa suna da nasu ƙalubalen. Ɓarnar hayaƙi ba ta tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa sabuwar sankara kan iya ɓulla a ragowar huhu, ko maƙogwaro, ko mafitsara. Magungunan zamani masu zaburar da garkuwar jiki kuma kan taɓa tayirod, halittar nan ta wuya da ke samar da sinadaran daidaita aikin jiki. Don haka likitoci ke ci gaba da ɗaukar hoton ƙirjin waɗanda suka warke da gwada jininsu shekara da shekaru, tare da gargaɗinsu su yi bankwana da taba.