Malam Yakubu, Sarkin Bauchi Na Fari

A gabashin ƙasar Hausa akwai wani birni a tsakanin duwatsu, ana ce da shi Bauchi. Mutane kuwa su kan ce da shi Bauchin Yakubu. Wannan Yakubu shi ne ya kafa garin, ya yi masa ganuwa, ya kuma tsare shi da takobi har tsufansa.

An haifi Yakubu wajen shekara ta 1753, a ƙasar Gerawa, kusa da inda birnin Bauchi ya ke yanzu. Sunan ubansa Dadi. A zamanin nan babu babban sarki a wannan ƙasa. Kabilu ne iri iri, kowacce da harshenta, kowacce ta kama dutsenta ta zauna, ba mai bin wani.

Tun Yakubu yana yaro ubansa ya ba da shi ga wani malami, Malam Isiyaku, don ya koya masa karatu. Yaron ya zauna hannun malamin nan yana yi masa hidima kamar yadda almajirai su ke yi, ya ɗebo ruwa, ya yo itace, da dare kuma ya ɗauki allonsa ya zauna bakin wuta. Ana nan sai labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bazu ko'ina, aka ji yana karantarwa a Degel, cikin ƙasar Gobir. Malam Isiyaku ya yi shiri ya tafi can, ya tafi da almajirin nan nasa. Tafiya ce mai nisa ƙwarai, ga daji, ga 'yan fashi, babu mota, babu jirgi, sai ƙafa da jaki.

Yakubu ya daɗe a wurin Shehu yana neman sani. Ko da ya ke shi baƙo ne, ba shi da dangi a Degel, ba shi da dukiya, duk da haka ladabinsa da riƙon amanarsa suka sa aka san shi cikin jama'a.

Cikin shekara ta 1804 rigima ta tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka fara jihadi. Sa'an nan Shehu ya shiga ba manyan almajiransa tuta, kowa ya koma ƙasarsa. Buba Yero ya sami ta Gombe, Modibbo Adama ya sami ta Fombina, wato Adamawa, Malam Musa kuwa ta Zazzau. Yawancin masu tutar nan Fulani ne. Amma tutar ƙasar Bauchi, Yakubu Bageri aka ba, gama Shehu bai dubi kabila ba, halin mutum ya duba.

Da Yakubu ya komo gida ya fara zama a Inkil, jama'a suna taruwa gare shi. Cikin shekara ta 1809 ya zaɓi wani fili mai kyau a tsakanin duwatsu ya kafa birninsa. An ce wani maharbi ne, mai suna Baushe, ya nuna masa wurin, daga sunansa kuma garin ya sami suna. Aka kewaye garin da ganuwa wadda zagayenta ya kai mil 6 da rabi, aka yi mata ƙofofi. Har yanzu ana kiran sunayensu, kamar Ƙofar Wunti, da Ƙofar Ran, da Ƙofar Inkil, da Ƙofar Nasarawa. Fatake suka fara sauka, malamai da maƙera da marina suka zo suka zauna, garin ya cika.

Amma Yakubu bai sami hutu ba. Kusan kowace shekara, da ruwa ya ɗauke aka gama girbi, sai a buga tambari a fita yaƙi. Yaƙi cikin duwatsu kuwa ba abin wasa ba ne, don doki ba ya hawan dutse, mutanen da ke bisa suna mirgino duwatsu, suna harbi da kibau masu dafi. Waɗansu garuruwa suka bi shi da lalama, suka yi amana, suna biyan jizya. Waɗansu sai da aka ci su da yaƙi, mutane da yawa suka mutu, aka kama waɗansu bayi, gama haka yaƙin zamanin nan ya ke. Akwai kuma waɗanda suka tsaya bisa duwatsunsu, kamar mutanen tsaunukan Jos, ba a taɓa cin su ba. Duk da haka mulkin Bauchi ya miƙa kudu har wajen kogin Binuwai. Madakinsa Hasan ya kama Wase, Lafiya kuma ta bi.

Babbar ranar Yakubu ba ta zo ba sai da furfura ta rufe masa kai. A lokacin nan Shehu ya riga ya rasu tun 1817, ɗansa Muhammadu Bello ne Sarkin Musulmi. A Barno kuwa akwai Shehu Muhammadu Laminu, wanda a ke kira Alkanemi, malami ne babba, jarumi kuma, shi ne ya tsare Barno ya gina Kukawa. Ƙarshen shekara ta 1826 Shehu Laminu ya taso da runduna mai yawa, ya shigo ƙasar Kano, ya yi ta matsowa har tsoro ya kama mutanen birni. Da Kano ta faɗi a hannunsa, da dukan ƙasashen gabas sun rabu da Sakkwato.

Saƙo ya iske Yakubu. A sa'an nan ya ba shekara saba'in baya, da ya so da ya aiki 'ya'yansa ya zauna gida, ba wanda zai ga laifinsa. Amma bai manta da tutar da malaminsa ya ba shi ba. Ya yi ɗamara, ya hau, ya nufi arewa da mutanensa. Farkon shekara ta 1827 rundunonin biyu suka gamu a wani wuri wai shi Fake. Mutanen Barno sun fi yawa, ga barade masu sulke da lifidi. Mutanen Bauchi kuwa sun saba da wuya cikin duwatsu, ga su da maharba. Aka yi yaƙi mai tsanani, mutane suka faɗi ta kowane gefe. Daga ƙarshe Shehu Laminu ya janye ya koma Barno, ya bar tambura da tanti da dawaki, aka aika da ganima Sakkwato. Kano ta tsira. Tun daga ran nan rundunar Barno ba ta sake kusantar birnin ba.

Bayan wannan Yakubu ya ƙara shekara 18 a duniya. Ya ga zamanin Shehu, ya ga na Bello, da na Atiku, har ya kai na Aliyu Babba. Abokan karatunsa na Degel suka yi ta rasuwa ɗaya ɗaya, shi kuwa yana nan, 'ya'ya da jikoki sun kewaye shi. Ya ba waɗansunsu sarautu, ya sa su riƙon garuruwa, don su koyi mulki tun yana da rai. Allah ya yi masa rasuwa cikin shekara ta 1845, ya kai wajen shekara tis'in, ya yi kamar shekara 40 yana riƙe da ƙasa.

Ɗansa Ibrahimu ya gaje shi, ya yi sarauta har 1877. Bayansa jikokin Yakubu biyu, Usmanu da Umaru, suka yi. A zamanin Umaru ne Turawa suka ci Bauchi, cikin shekara ta 1902, amma sarauta ba ta fita daga gidan ba. Sarakunan da suka biyo baya duka zuriyarsa ne, har biyu daga cikinsu suka ci sunansa. Cikin shekara ta 1976 kuma garin da ya kafa ya zama babban birnin Jihar Bauchi.

Ganuwar nan yawancinta ta zube, gidaje sun wuce inda ta tsaya. Amma duk wanda ya shiga ta Ƙofar Wunti, ya tambayi ko da yaro ne garin wane ne wannan, zai gaya masa na Yakubu ne.

Tambayoyi

1. Wane ne ya kai Yakubu wurin Shehu, a wane gari kuma?
2. Don me yaƙi cikin duwatsu ya ke da wuya ga masu dawaki?
3. Me zai faru da Kano ta faɗi a shekara ta 1827?
4. Waɗanne Sarakunan Musulmi ne Yakubu ya ga zamaninsu bayan Shehu?