Sir Richmond Palmer (1877–1958) da Tarihin Ƙasar Hausa

An haifi Herbert Richmond Palmer a Ingila a shekarar 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zama lauya, sannan a 1904 aka turo shi Arewacin Nijeriya aikin mulki. A Katsina ya fara yin suna, domin yana da hannu dumu-dumu a tuɓe Sarki Yero da naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Daga baya ya yi Razdan na Barno, ya riƙe muƙamin Laftanan Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya yi gwamnan Gambiya da na tsibirin Kuburus. Ya rasu a 1958.

Abin da ya sa ɗalibin Hausa yake buƙatar saninsa ba mulkin ba ne, rubuce-rubucensa ne. A 1908 ya fassara Tarihin Kano daga Larabci zuwa Ingilishi, aka buga a wata mujallar masana ta birnin Landan. Ta wannan hanya ce duniyar ilimi ta san Barbushe da Dala da Bagauda da jerin sarakuna har zuwa Muhammadu Bello. Ɗalibin da ya fito daga Gwarzo ko Kabo zai tarar da maƙwabciyarsu Karaye a ciki, tare da labarin Wambai Giwa. A 1928 aka buga masa Sudanese Memoirs, juzu'i uku, a Legas. A 1936 kuma The Bornu Sahara and Sudan.

Ya kuma taɓa aikin tono kayan tarihi. A 1907, da yardar Sarki Dikko, ya haƙa wasu daga cikin kaburburan Durɓi Ta Kusheyi, kusa da Mani. A nan ne ya yi babban sakaci. Bai bar cikakken bayanin abin da aka tono ba, kayan ma sun ɓace. Sai a 1992 aka sake tono wurin bisa ƙa'ida, aka sami awarwaro da tasoshin tagulla da kayan zinariya da wuri, waɗanda suka nuna tsohuwar hulɗar Katsina da ƙasashe masu nisa. Kabarin da aka tone ba a rubuta ba, ya tafi ke nan, domin ƙasa ba ta tonuwa sau biyu.

A fagen harshe kuwa, dole malami ya yi hattara da shi. Palmer ya yi imani da ra'ayin zamaninsa cewa sarauta da wayewa daga waje aka kawo wa baƙar fata. Don haka da zarar sunaye biyu sun yi kama a kunne, sai ya ƙulla musu zumunta da Buzaye ko mutanen kogin Nilu. Kimiyyar harshe ba ta karɓar wannan. Tana neman daidaiton sautuka mai bin tsari a kalmomi masu yawa, irin wanda ya tabbatar da Hausa cikin dangin harsunan Chadi. Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello sun rushe akasarin hasashensa. Duk da haka, har yau mai nazarin sarakunan Kano da fassarar 1908 yake farawa, sannan ya gwada ta da matanin Larabci da kuma na Hausa da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.