Tarihin Rayuwar Saje Leonard Matlovich: Sojan da Ya Kai Kansa Ƙara

Gabatarwa

A bisa al'ada, soja kan ɓoye duk abin da zai sa a tuɓe masa kaki. Wannan 'yar maƙala za ta kawo tarihin wani sojan Amurka da ya yi akasin haka, wato Saje Leonard Matlovich, wanda ya rubuta wasiƙa da hannunsa ya shaida wa shugabanninsa cewa shi mai neman jinsinsa ne, alhali ya san dokar soja ta ce a kori irinsa. Ba kama shi aka yi ba, kuma ba wani ne ya tona masa asiri ba. Ya yi haka ne domin ya tilasta wa hukumar soja ta faɗi, a gaban alƙali, ta yadda wannan al'amari ya taɓa aikinsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Matlovich a ranar 6 ga watan Yuli, 1943, a birnin Savannah na jihar Jojiya. Mahaifinsa saje ne a rundunar sojin sama, don haka a barikoki ya tashi, galibi a kudancin Amurka, lokacin da ake raba farare da baƙaƙe a makarantu da gidajen abinci. Iyayensa mabiya ɗariƙar Katolika ne. Shi da kansa ya amsa daga baya cewa ya taso da ƙyamar baƙar fata, kamar yawancin samarin yankinsu a wancan zamani.

Aikin Soja

A shekarar 1963, yana da shekara 19, ya bi sahun mahaifinsa ya shiga rundunar sojin sama. Sau uku ana tura shi fagen daga a Biyetnam, kuma shi ne ya nemi zuwan. A can ya taka wata nakiya da aka binne a yankin Da Nang, ya ji mummunan rauni. An ba shi lambar yabo ta Bronze Star saboda jarunta, da lambar Purple Heart wadda ake ba sojan da aka raunata a bakin daga.

Zaman Biyetnam ya sauya masa tunani. Ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sojoji baƙaƙe, ya ga abin da aka koya masa a kansu ba gaskiya ba ne. Bayan ya dawo gida, a farkon shekarun 1970, aka naɗa shi malami mai koyar da sojoji zaman lafiya tsakanin farare da baƙaƙe, ya kuma yi suna a wannan aiki. To, a nan ne abin ya fara damunsa. Kullum yana koya wa ɗalibansa cewa a auna mutum da aikinsa, amma shi kansa yana ɓoye wani abu wanda da an sani, ba za a dubi aikinsa ba.

Wasiƙar 1975

A 1974 ya karanta wata hira da jaridar Air Force Times ta yi da Frank Kameny, wani masanin taurari wanda gwamnati ta kora daga aiki a 1957 kan wannan dalili. Kameny na neman soja mai tsabtataccen tarihin aiki, wanda zai yarda a gwada dokar a kansa. Matlovich ya neme shi, aka haɗa shi da lauya David Addlestone, suka yi watanni suna shiri.

Ranar 6 ga Maris, 1975, ya miƙa wasiƙarsa ga jami'in da ke sama da shi a sansanin Langley na jihar Bajiniya. A lokacin ya kusa shekara 12 cikin kaki, saura kimanin takwas ya cancanci fansho. Ranar 8 ga Satumba na shekarar, mujallar Time ta buga hotonsa a bangonta, cikin kayan soja. Daga nan sunansa ya bazu a duk faɗin ƙasar.

Da aka zauna sauraren batunsa a cikin watan Satumba, lauyan rundunar ya tambaye shi ko zai sa hannu a takardar alkawarin cewa ya daina har abada, domin a bar shi a bakin aiki. Ya ƙi. A watan Oktoba aka sallame shi, sai dai sallamar girmamawa aka yi masa, wanda ya nuna cewa ba a sami wani aibu a aikinsa ba. Cocin Mormon, wanda ya koma tun yana soja, shi ma ya cire shi daga cikin mabiyansa.

Shari'a

Dokar rundunar tana da wata kafa: ta yarda a bar irin wannan soja a aiki idan akwai wani yanayi na musamman, amma ba ta fayyace yanayin ba. A kan wannan kafa shari'ar ta tsaya. A 1976 Mai shari'a Gerhard Gesell ya ba rundunar gaskiya, duk da cewa ya yaba da aikin Matlovich. A 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole rundunar ta bayyana dalilin da ya sa mai irin wannan tarihi bai cancanci sassaucin ba. Rundunar ta kasa kawo gamsasshiyar amsa, saboda haka a watan Satumba na 1980 Gesell ya ba da umarni a mayar da shi aiki.

Maimakon haka, rundunar ta yi masa tayin dala 160,000 domin a kashe maganar, ya kuwa karɓa. Wasu magoya bayansa sun ce ya sayar da gwagwarmaya. Shi kuma hujjarsa ita ce, in ya koma za a nemi wani dalili a sake korarsa, in kuma magana ta kai Kotun Ƙoli zai iya faɗuwa, hukuncin ya ɗaure duk na bayansa. Mai karatu na iya auna hujjojin biyu da kansa. Abin da ya biyo baya dai shi ne, a farkon shekarun 1980 Ma'aikatar Tsaro ta tsaurara dokar, ta toshe waccan kafa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan barin soja ya zauna a Kalifoniya, ya buɗe gidan abinci a garin Guerneville. A 1986 likitoci suka tabbatar yana ɗauke da cutar ƙanjamau. A 1987 an kama shi tare da wasu a wata zanga-zanga a gaban Fadar White House, suna kukan cewa gwamnatin Reagan ta yi sakaci da cutar. Ya rasu ranar 22 ga Yuni, 1988, saura mako biyu ya cika shekara 45. An binne shi a maƙabartar Congressional da ke birnin Washinton. Rubutun da ya tsara wa dutsen kabarinsa ya kwatanta abubuwa biyu: lambar yabon da soja ta ba shi don ya kashe mutum biyu, da korar da ta yi masa don ya so mutum ɗaya.

Abin da Ya Biyo Baya

Bai ga ƙarshen maganar ba. A 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata dokar sasanci da aka sani da kar a tambaya, kar a faɗa. Ma'anarta, ba za a tambayi soja ba, amma in ya faɗa da bakinsa, kamar yadda Matlovich ya yi, za a kore shi. Sama da sojoji 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta. Mu ɗaliban harshe akwai abin lura a nan: rahoton ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka na 2005 ya nuna cewa fiye da 300 daga cikin waɗanda aka kora suna da ilimin harsunan da sojan ke matuƙar buƙata, irin su Larabci da Farisanci da Koriyanci. Wannan asara na cikin hujjojin da masu neman soke dokar suka riƙe.

Wasu ƙasashe sun riga Amurka. Kanada da Ostareliya sun ɗage haramcin a 1992, Birtaniya kuma a 2000 bayan hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A Amurka, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar sokewa ranar 22 ga Disamba, 2010, ta fara aiki ranar 20 ga Satumba, 2011, wato shekara 36 bayan wasiƙar Langley.

Kammalawa

A taƙaice, Matlovich ya rasa kakinsa da fanshonsa da cocinsa saboda takarda guda da ba wanda ya tilasta masa rubutawa. Tambayar da ya ajiye a gaban shugabanninsa ita ce ko akwai inda ya gaza a aikin da aka ɗauke shi dominsa. A kotu sun kasa nuna wurin, kuma a kan wannan tambaya ce Majalisar Dokokin Amurka ta yi ta muhawara har ta soke dokar, shekara 22 bayan rasuwarsa.