Tarihin Marigayi Allama Muhammad Iƙbal, Jikan Baƙin Kashmir

Malamaina da abokan karatuna, a wannan fitowa zan gabatar muku da taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah wanda, a ganina, ya tabbatar da cewa jikan baƙo yana iya zama abin alfaharin gari ba tare da ya manta da tushensa ba.

An haifi Muhammad Iƙbal a garin Siyalkot na lardin Punjab ranar 9 ga Nuwamba, 1877. Kakanninsa mutanen Kashmir ne daga dangin Sapru, mabiya addinin Hindu, daga baya suka musulunta. A ƙarni na 19 yunwa da nauyin haraji da aikin tilas suka sa dubban mutanen Kashmir suka gangaro daga tsaunukansu zuwa Punjab. A 1846 ma Turawan Ingila suka sayar wa Gulab Singh ƙasar baki ɗaya a kan rufi miliyan 7.5. Baƙin suka zauna a Amritsar da Lahore da Siyalkot, da yawansu suna saƙa da fatauci, har 'ya'yansu suka tashi da harshen Punjabi.

Cikin irin wannan gida Iƙbal ya tashi. Mahaifinsa, Shaihu Nur Muhammad, tela ne. Malam Sayyid Mir Hasan ya koya masa Larabci da Farisanci, sannan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Lahore. A 1905 ya tafi Kembrij, ya zama lauya a Landan, ya kuma sami digirin digirgir a Munik ta Jamus. Waƙoƙinsa na Urdu da Farisanci suka ɗaukaka sunansa. Da Turawa suka zo ba shi lambar girma ta Sir, sai ya nemi a girmama malaminsa tukuna, aka kuwa ba Mir Hasan laƙabin Shamsul Ulama.

Ɗaukaka ba ta mantar da shi danginsa ba. Bayan 'yan sandan sarki sun harbe masu zanga-zanga a Srinagar a Yulin 1931, yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin kare haƙƙin Musulmin Kashmir, daga baya ya shugabance shi.

Ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1938, aka binne shi kusa da Masallacin Badshahi a Lahore. Pakistan, wadda aka kafa a 1947, ta ɗauke shi mawaƙinta na ƙasa. Allah ya ji ƙansa, amin.