Ɗan Hausa da Littafinsa na Hamada

Kowa ya san Ɗan Hausa wajen sha'anin makaranta, amma ba kowa ya san shi da tafiya ba. Ainihin sunansa Hanns Vischer, an haife shi a Basel, ƙasar Suwizalan, cikin 1876. Aikin mishan ya fara kawo shi ƙasar nan, daga baya ya kama aikin gwamnati a Barno.

Cikin 1906, da zai komo daga hutu, sai ya zaɓi hanyar hamada. Ya tashi daga Tarabulus da ayarin raƙuma, tare da alhazai masu komowa gida da bayin da aka 'yanta. Suka bi ta Murzuk da Bilma, suka yi wajen wata biyar kafin su iso Barno. Hanyar nan ce a da a ke kora bayi arewa, har ya riƙa ganin ƙasusuwansu a kan rairayi.

Cikin 1909 ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano, inda aka fara koya wa malamai aikin koyarwa na boko. Shekara ta kewayo aka buga littafinsa, Across the Sahara from Tripoli to Bornu, da hotuna a ciki. Ya mutu a Ingila cikin 1945.

Ayarin Tarabulus zuwa Barno ya mutu tuni, sai a littafi irin wannan yaranmu za su gan shi. Saboda haka, 'yan'uwa malamai, in za mu koyar da labarin ƙasa, mu nemi hoto mu nuna, gama gani ya kori ji.