Sista Elizabeth Kenny, Mai Jiyyar Masu Shan Inna

An haifi Elizabeth Kenny a shekara ta 1880 a Warialda, wani ƙaramin gari a ƙasar Ostireliya. Tana budurwa ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu. Likitan da ya yi mata ɗori, Aeneas McDonnell, ya ba ta littattafansa, a nan ta fara koyon yadda tsoka da ƙashi ke aiki. Ba ta sami takardar shaidar nas ba. Sunan nan Sista kuwa, kada mu zaci na 'yan zuhudu ne, muƙami ne da ta samu wurin jiyyar sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A zamanin nan, in shan inna ya kama yaro, sai likitoci su ɗaure ƙafafunsa da katako ko filasta, ya yi watanni ba motsi, har tsokar ta ƙanƙance. Kenny ta ƙi wannan. Takan yanka bargon ulu, ta tsoma a ruwan zafi, ta matse sarai, ta naɗe gaɓar da ke ciwo. Sa'ad da zafin ciwon ya lafa, sai ta riƙa motsa ƙafar a hankali da hannunta, tana nuna wa yaron tsokar da zai sa hankalinsa a kai, har ya sāke koyon motsa ta da kansa. Aiki ne na kowace rana, mai cin haƙuri ƙwarai.

Likitocin ƙasarta ba su yarda ba. A 1938 kwamitin binciken da gwamnatin Queensland ta naɗa ya kushe hanyarta. A 1940 ta tafi Amurka, a 1942 kuwa aka buɗe asibiti da sunanta a Minneapolis, inda ta koya wa nas-nas da masu aikin gashi da motsa gaɓoɓi wannan hanya.

Ba cikin kome ta yi daidai ba. Ta ɗauka cutar a tsoka take, alhali mun sani ƙwayar cutar jijiyoyin laka take ɓatawa, bargo mai zafi kuwa ba ya rayar da jijiyar da ta mutu. Ga ta kuma da kaifin harshe, abin da ya ƙara mata magabta. Amma a kan ɗaurin nan ita ce da gaskiya, gama daga baya likitoci suka rage shi ƙwarai, suka koma ga motsa gaɓa tun da wuri.

Ta rasu a Toowoomba ran 30 ga Nuwamba, 1952. Allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk ba ta fito ba sai 1955.